Shekarar da Muka Sauya Garken Baba

A ƙarshen barandar sashenmu, in ka wuce ofishin shugabar sashe, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya wanda ba a raba shi da ƙugi. Duk mai wucewa sai ya ji, kamar an kunna injin niƙa a wata unguwa mai nisa. A nan kwamfutocin sashe suke, jere a kan kantocin katako, an haɗa bayansu da shuɗɗan wayoyi. In aka ba su lissafi mai nauyi sai su raba shi a tsakaninsu, kowace ta kama nata kason, kamar masu aikin gayya a gona. A takardun ofis sunansu kulasta. Mu kuwa garke muke ce musu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce garken sashe ba. Kowa garken Baba yake cewa.

Baba shi ne malami mafi daɗewa a sashen. Daga Filato ya zo Gumel yana saurayi, bautar ƙasa ta kawo shi, ya gama bai koma ba. A nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa, har Hausarsa ta zama tamu, sai dai in ransa ya ɓaci ne za ka ji harshen dutse ya leƙo. Kirista ne, ba ya fashin coci ranar Lahadi, amma in babbar salla ta zo naman da ke shiga gidansa ya fi wanda ke shiga gidana. Ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa yake koyarwa. Shi ya haɗa garken da hannunsa, daga kwamfutocin da ofisoshi suka gaji da su suka jingine. Ya bi ya roƙo su ɗaya bayan ɗaya, ya ciro kayan cikin wannan ya sa wa waccan. Shi ya sa babu biyu da suka yi kama: wata fara, wata baƙa, wata ma ba ta da murfi.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Gagarawa. A wannan ɗaki na fara taɓa kwamfuta, ina ɗalibi, Baba na tsaye a kaina yana cewa in daina dukan madannai kamar mai sussuka. Da na gama karatu aka riƙe ni ina koyarwa, sai ya zama ofishina na kallon nasa. Tun ina ɗalibi yake ce mini ɗana, bai canja ba har na fara furfura.

Babban aikin Baba wata manhaja ce da ya rubuta da kansa, ya yi shekaru yana ƙara mata layi. Ana ba ta yawan ruwan saman da aka samu, da irin ƙasar kowane yanki, da ƙiyasin ruwan da mutane da dabbobi ke ja, ita kuma ta lissafa inda ruwan rijiyoyi zai tsaya a shekaru masu zuwa, tun daga Gagarawa har Maigatari, har yamma wajen Sule Tankarkar. In ya sa ta a garke takan yi makonni tana tafiya.

To ba shi kaɗai ke da buƙatar garken ba. Shugabar sashe tana da hotunan tauraron ɗan'adam da take auna gonakin gero da su, akwai masu digiri na biyu kowa da nasa, akwai ni. Rabon kuwa a bakin Baba yake. Ka zo ka gaishe shi, ka zauna a benci, ka faɗi abin da kake so, ya tambaye ka yaushe ake jiran aikinka. In ya ga ɗalibi lokaci ya ƙure masa, sai ya dakatar da nasa lissafin ya ba shi wuri. In ya ga mutum son kai ne kawai ke damunsa, sai ya ce ya dawo jibi. Ana yin ƙorafi a bayan idonsa, ana cewa yana da 'yan gaban goshi, amma a gabansa ba mai ɗaga murya. Wannan benci ya sha labari. A kansa na ji yawancin abin da na sani game da sashen, da wanda ya kamata in sani da wanda bai kamata ba.

Garken dai ya tsufa. Da bazara, in zafin Gumel ya kai inda yake kaiwa, ɗakin yakan zama kamar tanda. Fankoki biyu na juyawa, ƙofa a buɗe, duk da haka sai ka ji wata na'ura ta yi tari ta mutu. In an ɗauke wuta kafin a tayar da janareto, aikin da ya yi kwanaki yana tafiya sai ya zube, a koma farko. Wata bazara aikin shugabar sashe ya zube yana dab da ƙarewa, a karo na biyu. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon kantocin, sannan ta koma ofis ta fara rubuta takardar neman sabon garke. An daɗe ana kai da kawo, har mun cire rai, sai ga amsa an yarda.

Ranar da amsar ta zo ta kira ni ofishinta.

"Malam, kai za ka riƙe aikin nan daga farko har ƙarshe," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, Baba fa?"

"Baba ya kusa ritaya, kuma ka ga yadda idanunsa suka koma. Zan yi masa magana da kaina, amma na fi so ya fara ji daga bakinka. In daga gare ni ya fara ji, umarni ne. In daga gare ka ne, shawara ce."

Da la'asar na hau adaidaita zuwa gidansa. Na tarar da shi a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, Mama, matarsa, tana tsince wake a faranti. Muka gaisa, ta kawo mini kunun gyaɗa, na yi ta zagaye-zagaye ina zancen zafi da tsadar taki, har ya gaji.

"Ɗana, faɗi abin da ya kawo ka. Kunun nan zai huce."

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"To da wa kake so a ba? Ni da in na kalli allo sai in ga haruffa suna iyo? Hajiya ta yi daidai." Ya dube ni. "Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da za a kashe tsofaffin, a bar ni in kashe su da hannuna."

Mama ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ka ji shi, kamar wanda za a yanka ragonsa."

Muka yi dariya mu duka, amma na lura tasa ba ta daɗe ba.

Da hutun ƙarshen zango aka kawo kayan daga Kano. Wanda ya ɗauko su wani direba ne da ke jigilar kaya tsakanin Kano da kasuwar Maigatari, wani lokaci har ya ƙetara iyaka. Dogo ne, mai yawan magana, kuma duk malamin makaranta mushe yake ce masa, irin na mutanen Damagaram. Ya shimfiɗa katifu a bayan mota ya kwantar da akwatunan a kai, ya ɗaure da igiya. Ya ce tun da yake tuƙi bai taɓa tafiya a hankali haka ba, har masu kekuna suna wuce shi.

"Mushe, wai me abin nan yake yi da aka ce ko rami kada in faɗa da shi?" ya tambayi Baba.

Baba ya ce, "Yana duba mana ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, ko yana ƙaruwa ko yana raguwa."

"Daga cikin ɗaki?"

"Daga cikin ɗaki."

Direban ya girgiza kai ya ce Allah mai iko, sannan ya karɓi lambar wayar Baba, wai in ya tashi haƙa rijiya zai kira shi.

Sabon garken bai yi kama da garke ba. Akwatin ƙarfe ne baƙi guda ɗaya, mai tsayin mutum, na'urorin suna shiga cikinsa kamar aljihunan tebur. Injiniyoyi biyu suka zo tare da shi, samari masu ladabi. Aka jera faifan sola a kan rufi, aka kawo batura, aka toshe tagar aka sa na'urar sanyaya ɗaki. Ni aikina a makon farko shi ne in bi kowa in tabbatar an kwafe ajiyarsa daga tsofaffin na'urori, kada wani ya dawo hutu ya tarar aikin shekararsa ya tafi. Na sha wuya da wannan, don wasu sun tafi garuruwansu, wasu kuma ba su ma san inda suka ajiye nasu ba. Baba ne ya riƙa cewa, na wance yana cikin farar nan ta ƙasa, na wane yana cikin mara murfi.

Da aka gama kwafewa, wata safiya, na je na kira shi. Ya shigo ya bi kantocin daga sama zuwa ƙasa, yana lalubar maɓallin kowace da yatsa yana dannawa. Ƙugin ya riƙa raguwa har ya ɗauke. Ban taɓa jin ɗakin shiru ba sai ranar, har na ji kukan kurciya a waje. Injiniyoyin suka tsaya a gefe. Baba ya kakkaɓe hannu ya ce, "To, samari, bismillanku," ya fita.

Sabon garken ya tashi lafiya. Hotunan Hajiya da ke cin kwanaki suka gama kafin a kira azahar, ta fito baranda tana ta hamdala. Rabo kuma ya bar bakin mutum: manhaja ce ke tsara layi, kowa ya turo aikinsa daga inda yake, ta ba shi wuri gwargwadon ƙa'ida. Komai ya tafi daidai sai abu ɗaya. Manhajar Baba ta ƙi tashi. Da wani tsohon harshen kwamfuta ya rubuta ta, kuma ya ɗinka ta ne daidai jikin tsofaffin na'urorinsa. Duk lokacin da muka sa ta, sai allo ya cika da jan rubutu. Injiniyoyin suka duba, suka ce gaskiya sai an bi ta layi-layi an sabunta, su kuma kwanakinsu sun ƙare.

Haka muka zauna ni da shi, sauran hutun gaba ɗaya. Kullum da safe yakan zo da butar shayinsa, mu shiga ɗakin mai sanyi, shi da hular sanyi a tsakiyar bazara. Ni ke karanta layi da ƙarfi tunda ba ya gani sosai, shi kuma ya faɗa mini abin da layin ke nufi, in sake rubuta shi yadda sabuwar na'ura za ta gane. Wani layin yakan tuna masa da shekarar da ya rubuta shi. Wannan lokacin Mama na da cikin autansu ne. Wancan kuma shekarar da aka yi fari har gero bai fitar da kai ba. Wani wurin kuma sai ya yi dariya ya ce shi ma bai san abin da yake nufi ba, mu tsaya mu warware tare. Na koyi abubuwa a makonnin nan fiye da yadda na koya a aji.

Ranar da manhajar ta tashi, mun sa ta da hantsi, muka fita shan iska a baranda. Kafin la'asar ta gama abin da take yi a makonni. Baba ya ƙi yarda, sai da na karanta masa ƙarshen sakamakon. Na buɗe taswirar da ta fitar, na ƙara girmanta yadda zai gani. Wajen Gumel da Maigatari da Gagarawa duk sun fito yadda ya saba ganinsu. Amma yamma, yankin Sule Tankarkar, launin ya canja. Tsohon lissafinsa kullum yana nuna ruwan can yana nan daram. Wannan kuwa ya nuna yana sauka shekara bayan shekara.

"Mun ɓata wani abu wajen sabuntawa," in ji shi. Ni ma haka na zata.

Muka koma muka bi abin da muka canja ɗaya bayan ɗaya. A rana ta uku ko ta huɗu muka iso wurin. Manhajar takan yanka ƙasar gida-gida, kowace na'ura ta riƙe yanki ɗaya. Akwai layin da ke cire ruwan da mutane da dabbobi ke ja da rani. A yadda Baba ya rubuta shi tun farko, layin yana tsayawa kafin ya kai yanki na ƙarshe, wato na yamma. Tsofaffin na'urori ba su taɓa yin ƙorafi ba. Sabuwar ta yi ƙorafi a kan yadda aka tsara layin, ni kuma na sake rubuta shi yadda ya kamata, ba tare da mun san gyara muka yi ba. Ashe duk shekarun nan lissafin yana ɗauka babu mai jan ruwa a yamma da rani.

Na karanta masa tsohon layin, na karanta sabon. Ya ce in sake. Na sake. Ya zauna yana kallon akwatin ƙarfen, hannunsa a kan gwiwa.

"Na faɗa a taro," ya ce a hankali. "Na rubuta a takardu. Na gaya wa mutanen can da bakina cewa ruwansu ba shi da matsala."

Na ce, "Baba, harafi ɗaya ne. Kowa zai iya yin wannan."

"Na sani, ɗana. Amma ni na yi."

Ya ɗauki butarsa ya tafi gida. Washegari bai zo ba, haka jibi. Na kira wayarsa, Mama ta ɗauka ta ce lafiyarsa ƙalau, yana zaune ne kawai. Da na ga abin ya yi yawa na je. Ita ta tare ni a zaure, ta rage murya.

"Ba ya cin abinci sosai. Na ce masa, kai da ka koyar da yara cewa lissafi ba ya maye gurbin awo, yaushe rabonka da zuwa can ka auna? Tun da gwiwa ta fara damunsa bai koma ba. Nan kusa kawai yake aunawa. Ka shiga, wataƙila ya ji taka."

Ban ma yi magana ba. Ina zama ya ce, "Mama ta gaya maka abin da ta gaya mini ko? Ta fi mu gaskiya. Har yanzu ba mu san wanne ne daidai ba, tsohon ko sabon. Rijiya ce za ta raba mu. Ka nemo mana mota."

Direban nan na kira. Ya ce in ba ranar kasuwa ba ce, ko ina mushe yake so zai kai shi. Muka tashi da sassafe, da tef ɗin awo na sashe, irin mai ɗan ƙarfe a baki wanda ke yin ƙara in ya taɓa ruwa, da tsofaffin awon da Baba ya yi a rijiyoyin yankin tun ƙafarsa na da ƙarfi. Daga Ɗanzomo muka bar kwalta muka shiga rairayi. Gonaki duk an share ana jiran ruwa, ba kore ko'ina sai gawo da aduwa. Sau biyu motar na kafewa, mu sauka ni da direba mu tura, Baba na riƙe da sitiyari yana dariya, wai yau ya zama direban iyaka. Dariyar farko ke nan da na ji ya yi tun ranar da muka gano layin.

Rijiyar farko tana bakin wani ƙauye, makiyaya sun kewaye ta, bijimai biyu na jan igiyar guga, ana juye ruwa a komi. Muka yi sallama, muka nemi izini, suka dakata mana. Na zura tef ɗin. Baba ya dafa bakin rijiyar ya karkata kunne, tunda ba zai iya karanta lambobin ba. Tef na ta sauka, ya wuce inda tsohon awonsa ya tsaya, bai yi ƙara ba. Ya ci gaba da sauka. Can sai muka ji ƙarar, siririya, daga ƙasa. Na karanta masa lambar. Ya gyaɗa kai kawai ya ce mu je ta gaba.

Mun auna rijiyoyi da dama ranar, har rana ta karkata. Ba duka suka sauka daidai da abin da sabon lissafi ya faɗa ba, wasu ba su kai haka ba, ɗaya ma kusan tana inda take. Amma yawancinsu sun sauka, kuma sun fi kusa da sabon lissafin sosai fiye da tsohon.

A ƙauye na ƙarshe mai unguwa ya gane shi. Dattijo ne mai farin gemu, ya taso da kansa ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya ce ai wannan malamin ruwa ne, shekaru nawa! Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa, aka dama fura da nono. Bayan an gaisa an tambayi iyali, Baba ya ajiye ludayi.

"Ranka ya daɗe, na zo ne in janye wata magana. Wancan zuwan na ce muku ruwanku yana nan, ba abin damuwa. Na yi kuskure a lissafina. Ruwan yana sauka. Ba gobe zai ƙare ba, amma yana sauka."

Mai unguwa ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Malam, ka taso tun daga Gumel, da wannan ƙafar, don ka faɗa mana haka? Allah ya saka da alheri. To yanzu mene ne abin yi?"

Baba ya faɗa masa abin da ya sani, bai ƙara ba. Ya ce in za a haƙa sabuwa a ƙara mata zurfi fiye da na da, kada a jera su kusa da juna, kuma a bar mu mu riƙa zuwa muna aunawa rani da damina don a san saurin saukar. Ya ce akwai abin da shi ma bai sani ba tukuna, kuma ba zai sake faɗin abin da bai auna ba. Mai unguwa ya ce ƙofa a buɗe take. Da za mu tafi aka sa mana kaji biyu a mota, direba ya ce ɗaya tasa ce tunda shi ya yi turi.

A hanyar dawowa Baba ya yi barci, kansa a jikin gilashi.

Da aka dawo hutu ya nemi Hajiya ta ba shi lokaci a taron ƙara wa juna sani na sashe. Na so ya bar ni in gabatar, in ce sabuntawa ce ta inganta sakamako, wanda ba ƙarya ba ne. Ya ƙi. Ya tsaya gaban malamai da ɗalibai, ya sa na haska tsohon layin a bango da manyan haruffa, ya nuna musu inda ya tsaya da inda ya kamata ya kai. Ya faɗi takardun da ya rubuta bisa wannan lissafi, ya ce zai aika da gyara. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaya yadda mutum zai kauce wa irin wannan. Ya ce mata, "'Yata, ba za ki kauce gaba ɗaya ba. Ki dai ba wani ya karanta abin da kika rubuta, kuma ki riƙa fita kina aunawa." Bayan taron Hajiya ta kafa ƙa'ida: duk manhajar da za a sa a garke don aikin digiri, sai mutum biyu sun karanta ta.

Tsofaffin na'urorin ba a zubar ba. Masu sauran rai aka kai su ɗakin koyon 'yan shekarar farko, sauran aka cire musu abin da zai yi amfani. Bencin kuwa aka fitar da shi baranda, don ba mai zuwa ɗakin yanzu sai ni, in zan duba batura ko in share. Kowa daga ofishinsa ko daga gida yake turo aiki. Ƙorafin 'yan gaban goshi ya mutu, sai aka koma ƙorafin cewa manhajar rabo ba ta jin roƙo. In ɗalibi lokaci ya ƙure masa, wurina yake zuwa, ni kuma in je in roƙi wanda ke gabansa a layi ya ɗaga masa. Wani ya yarda, wani ya ƙi.

Baba ya yi ritaya a ƙarshen shekarar. 'Ya'yansa sun so ya koma Filato, ya je ya yi wata biyu ya dawo, wai sanyi ya hana shi sakewa kuma ba wanda ya sani a can sai kaburbura. Awon yamma yanzu ni ke zuwa da ɗalibai, rani da damina, in na dawo in biya ta gidansa in karanta masa lambobin. Hajiya ta sa an bar masa damar shiga garken daga gida, autansa ya saya masa kwamfuta mai babban allo. Yakan turo ƙananan lissafi jefi-jefi, yana jiran layi kamar kowa.

Abin da ya gagare shi shi ne kalmar sirri. Tsohon garke ba ya tambayar kowa kalma, wannan kuwa sai da ita. Ya manta ta, na sabunta masa, ya sake mantawa. A karo na uku da ya kira, ina jin Mama daga nesa tana cewa ya ba ta wayar. Ta karɓa ta ce, "Ɗana, faɗa mini ni, ka huta." Na faɗa mata, ta maimaita sau ɗaya. Tun daga ranar bai sake kirana a kan wannan ba.